Da wace Hausa za mu gaya wa yara "développement durable"?

'Yan'uwa malamai, ina neman shawararku. 'Yan aji biyar nake koyarwa a nan Garwa, Kamaru. Darasi da Faransanci ne, amma in yaro ya zuba maka ido ya yi shiru, ka san dole ka juya harshe.

Gidajen rediyo sun saba mana da "ci gaba mai ɗorewa", musamman tun 2015 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradu 17 da ake son cimmawa nan da 2030. A rubuce ba ni da ja. Amma da na tambayi yara me ke ɗorewa, wata yarinya ta ce tukunyar ƙarfen kakarta. Gaskiyarta, a kunnen yaro ɗorewa ƙarko ne. Manufar kuwa ita ce mu biya buƙatarmu ba tare da mun toshe wa 'yan baya hanyar biyan tasu ba.

Wani malami daga Marwa ya ba ni "tattali". Allah ya saka, Malam, ka zo kusa, sai dai "tattalin arziki" ya riga ya mamaye kalmar.

Ni dai na tsaya a kan "a ci a bar iri". Na shiga aji da zangarniyar dawa, irin wadda ake ratayewa a madafa hayaƙi ya kare ta daga ƙwari. Na ce, me ya sa ba a daka wannan ko rumbu ya yi ƙasa? Hannuwa suka tashi har daga bencin baya. Daga nan maganar ƙananan kifayen Binuwai da saran itace ta zo da kanta.

Wadda ta fi damuna ita ce "citoyenneté mondiale", wato mutum ya ɗauki duniya baki ɗaya kamar ƙasarsa, da haƙƙoƙinta a wuyansa. Don Allah kada mu ce "ɗan duniya". Babu uwar da za ta yarda makaranta ta mayar mata da yaro ɗan duniya. Shawarata "maƙwabtakar duniya", tunda haƙƙin maƙwabci tun daga makarantar allo yaro ya san shi. Misali ma a ƙofarmu yake: in aka saki ruwan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai a nan Kamaru, wadda aka gama a 1982, mutanen Yola sai sun ji a jikinsu, ko da ƙasarsu daban.

Malamanmu na Kuseri da Njamena, "maƙwabtakar duniya" ta zauna a bakin yaranku, ko ta yi musu nauyi?