Na'urar zuciyar Baba tana canza gudu da kanta, ko ta lalace ne?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka min. Baba ya daɗe yana yanke jiki ya faɗi, har a sahun sallah. Gwaggo ta dage iska ce, aka yi ta rubutu da tofi, sai daga baya likita ya ce zuciyar ce ke bugawa a hankali. Yaya ya sayar da filinsa aka saka masa na'urar daidaita bugun zuciya (pacemaker) ƙarƙashin fata, a ƙirji ta hagu. An ce an saita ta a bugu 60 a minti ɗaya. To in ya sauka daga Keke Napep na auna sai in ga 90, da dare kuma 50. Batirin ne?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Aikinta ke nan, 'yar uwa. Tana jin motsin jiki ta ƙara gudu, girgizar ramukan titi ma ɗauka take tafiya yake yi. Kuma na zamani gwada kansu suke: su riƙa rage wutar lantarkin da suke aika wa zuciya har su gano mafi ƙarancin da zuciya ke amsawa, sannan su ɗora wani abu a kai. Wasu in bugu bai kama ba, nan take su aika mai ƙarfi. Da haka batir ke kai shekara 10. Kwantar da hankalinki.

Hajiya Babba: Ku kun ci sa'a. Mu da aka saka wa maigidana, ko takardar ba wanda ya karanta mana. In da hali ku kai shi Masar kawai.

Anti Nas: Akan saita wasu su sauka 50 lokacin barci, amma ke an gaya miki haka? Ciwon ƙoda da wasu magungunan zuciya na sa zuciya ta buƙaci wutar da ta fi ta da. Yana jiri? A kai shi a ɗora masa injin dubawa.

Baban Ummi: Anti, kada ki tsorata ta. Abin da na'urar ke gyarawa da kanta ke nan.

Anti Nas: Gyaran nata yana da iyaka, Malam.

Maman Khalifa: Jirin kaɗan ne, kuma azumin Litinin da Alhamis yake yi. Ranar komawarmu sai watan jibi, asibitin ba kusa ba, ni kaɗai ke ɗawainiyarsa. Ba sakaci na yi ba.

Hajiya Babba: Ina sauran 'ya'yan nasa suke?