Bizar umara ko ta direban gida? Ina neman shawarar waɗanda suka san Saudiyya

Direban Gumel:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 24, ina jan motar haya tsakanin Gumel da Kano, kuma motar ba tawa ba ce. Wani ejan da ɗan garinmu ya haɗa ni da shi ya ba ni zaɓi biyu. Na farko bizar umara, naira miliyan 2 da dubu 300 har tikiti, in na shiga in saje in nemi aiki da kaina. Na biyu bizar aiki, direban gida a Riyad, albashi riyal 1,200 da ɗaki, amma ita miliyan 3 da rabi ce, rabi yanzu rabi in ta fito. Ko fasfo ban yi ba tukuna. Baba ya ce ko dai a jinginar da gonarmu ta bayan gari, ko a kai shanun huɗa Maigatari ran Alhamis. Tambayata uku ce: wace biza ta fi, kuɗin nan ya yi daidai, sannan in gidan bai yi min ba zan iya sauya aiki?

Na Ɓaɓura:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, duk abin da za ka yi kar ka yarda da hanyar Agadas. Daga can a bayan Hilux ake loda mutane, kowa da sandar da zai riƙe tsakanin ƙafafunsa da jarkar ruwa, a bi ta Dirku a nufi Sabha. In mota ta lalace a tsakiya ruwa ne ke fara ƙarewa, kuma wanda ya faɗo ba kullum ake tsaya masa ba.

Sarkin Zolaya:
Yaro ya ce jirgi zai hau daga Kano, kai kuma ka riga ka kai shi Sahara har da jarka. Allah ya ba ka lada dai.

Malamin Sakandare, Ringim:
Bari mu dawo kan tambayar. Bizar umara ba ta aiki ba ce, iyakar zamanta kwana 90. Ranar da ta ƙare ka zama ɗan takari: ba igama (katin izinin zama), ba asusun banki, ba layin waya da sunanka, asibitin gwamnati ma sai da fargaba. Hukumomin can sun sanar a 2025 cewa wanda ya wuce wa'adin bizarsa zai iya cin tarar da ta kai riyal 50,000 da ɗaurin wata shida, sannan a koro shi. Ga shi an riga an ɗauki hoton yatsunka tun a filin jirgi, sauya fasfo ko suna ba ya ɓoye ka. Kai kuma sana'arka tuƙi ce, wato kullum kana kan titi inda ake tare motoci ana tambayar takardu. Zaɓin farko ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya.

Na biyun ya fi, amma tambayarka ta uku ita ce mai nauyi. Gyaran dokar ƙwadago da suka fara aiki da shi a watan Maris 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar sauya wurin aiki bayan shekara ɗaya ba tare da yardar kafili (ubangidan da ya ɗauko shi aiki) ba, bai haɗa da direban gida ba, haka mai aikin gida da makiyayi da mai aikin gona. Su tsarinsu daban ne: direban gida da mai aikin gida ta shafin gwamnati na Musaned ake bi, ma'aikatan kamfani kuma ta shafin Qiwa. Saboda haka ka duba sana'ar da aka rubuta a jikin bizar. In an rubuta direban gida, to igamarka na hannun mutum ɗaya, fitarka daga ƙasar ma shi zai buga maka ta wayarsa.

Kafin ka ba da ko sisi ka nemi abu uku a hannun ejan: lasisin ɗaukar ma'aikata zuwa waje na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, sunan kafilin da garinsa, da takardar yarjejeniya mai ɗauke da albashi da abinci da ranar hutu da tikitin dawowa. Takardar CAC da suke liƙawa a bango rajistar kamfani ce kawai. Lasisin NAHCON (hukumar alhazai) kuma na jigilar hajji da umara ne, ba na kai ma'aikata ba.

Auta Mai Shago:
Fasfo dai dubu 50 ne mai shafi 32, kar wani ya cuce ka. Ka je Dutse da kanka.

Malamin Sakandare, Ringim:
Auta, wannan farashin Satumbar 2024 ne. Tun 1 ga Satumba 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma dubu 100, mai shafi 64 na shekara goma dubu 200. A intanet ake cike fom a biya, a zaɓi ranar ɗaukar hoto, ko Dutse ko Kano.

Na Ɓaɓura:
To wasu dubu 140 ake ce musu.

Auta Mai Shago:
Wannan har da ladan mai shagon kwamfuta da na wanda ya ce zai "bi maka takarda" kenan. Shi kuɗin gwamnati rasiɗi yake fitowa da shi, abin da ba ya cikin rasiɗi goro ne.

Kawu Mai Lambu:
Ɗana, saurara da kyau, don yadda aka yi da ɗan ƙanwata haka ake yi da yawancinsu, tsarin ɗaya ne. An ce masa direba ne, riyal 1,500. Aka karɓi rabin kuɗi hannu da hannu a shagon wani ɗan garin, ba rasiɗi, shaida kuma shi ne wanda ya kawo ejan ɗin. Wata huɗu shiru, sai aka ce a ƙaro dubu 400 na "gwajin lafiya da gaggawa". Uwarsa ta sayar da tumakinta. Biza ta fito da Larabci, babu wanda ya karanta. Sai da ya sauka aka ɗauke shi a mota sa'o'i, aka sauke shi a jeji wajen raƙuma da tumaki, ashe makiyayi aka rubuta. Tanti, tankin ruwa, buhun shinkafa da gari duk bayan kwanaki, wayar ma sai ya hau tudu take kamawa.

Kafilin ya karɓe fasfo tun ranar farko, wai na yin igama. Albashin da aka ce 1,500 ya koma 800, shi ma wata biyu a ba shi ɗaya. Da ya yi magana aka ce kafilin ma ya biya ofis kuɗin kawo shi, sai ya fanshe. Kun ga an ci ta can an ci ta nan. Da ya gaji ya gudu, kafili ya kai rahoton hurub, wato cewa ma'aikacinsa ya tsere, daga ranar igamarsa ta mutu. Ya yi ɗauke-ɗauke a ɓoye har askarawa suka kama shi, aka kai shi tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a koro, ya zauna jiran takardar tafiya ta gaggawa daga ofishin jakadancinmu tunda ba fasfo. Da jallabiya da silifas ya sauka Kano. Gonar da aka jinginar har yau tana hannun mai kuɗin, damina uku yana nome riɗi a ciki. Ejan ya sauya layi, wanda ya kawo shi kuma surukin gidan ne, ba a iya kai shi ƙara. Ni shawarata ka riƙe sitiyarinka na Gumel.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda:
Innalillahi. Allah ya mayar masa da alheri, Kawu. Amma ba kowa ne ke gamuwa da haka ba. Akwai direbobin gida da iyalin ke ciyar da su daga tukunyarsu, a ba su kyautar azumi da ta salla, har a kai su umara. Gida ne dai sa'a.

Kawu Mai Lambu:
Hajiya, ke kasuwa kike zuwa ki kwana a otal ki dawo da jallabiyoyi. Ba ki taɓa zama ƙarƙashin kafili ba.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda:
Kai ma ai ba ka zauna ba, Kawu, labarin ɗan ƙanwarka ka ba mu. Ni kuwa da idona nake ganinsu a Jidda.

Alhaji Tsohon Takari:
Ku duka ku yi haƙuri. Yaro, umarar ta fi sauƙin kuɗi, kuma 'yan uwa Hausawa na nan cike a Makka da Jidda, ba za ka kwana da yunwa ba. Wankin mota, tura keken tsofaffi, dako, duk ana samu. Haka mutane suka gina gidaje.

Malamin Sakandare, Ringim:
Ranka ya daɗe Alhaji, wancan zamanin ne da ake shiga da takarda a fita da wata. Yanzu komai a kwamfuta yake. Unguwannin Jidda da baƙi ke fakewa a ciki an rushe da yawansu tun daga ƙarshen 2021. Wanda ya ba ɗan takari aiki ko masauki shi ma tara ce a kansa, shi ya sa masu gidajen ke gudu.

Alhaji Tsohon Takari:
Malam, kai a waya ka karanta Saudiyya. Ka taɓa taka ta?

Sarkin Zolaya:
To ga shi nan: wanda ya je ya tsufa, wanda ya sani bai je ba, wanda ke zuwa otal take kwana. Direba, ka tambayi raƙuman nan kawai.

Injiniya Kazaure:
Ku bar gardama a yi lissafi. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 duk dala ɗaya, kenan riyal 1,200 dala 320 ne. Ka tambayi canjin ranar a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano ka buga. Amma ba duka za ka turo ba. In takardar ta ce ɗaki kawai ba abinci, ka ware kamar riyal 400 na ci da kati da sabulu, saura 800. Sannan watannin farko ba lallai ka taɓa mota ba, sai igama ta fito, doka ta ba kafili kwana 90, sai kuma ka yi lasisin can, na Najeriya ba zai ɗauke ka zaman aiki ba. Tuƙin hannun dama ne kamar namu, wannan ba matsala. Matsalar kyamarorin kan titi ce, waɗanda ake kira Saher: gudu, tsallake jar danja, waya a hannu, rashin ɗaura bel, duk tara ce ta riyal ɗaruruwa, ta danja kuwa dubbai, kuma gidaje da yawa daga albashin direba suke cirewa. Irin tuƙin hanyar Gumel na tsere wa juna a kan fasinja, tara ɗaya za ta haɗiye watanka.

Wani abu kuma, a dokarsu kuɗin biza da igama da tikiti a kan mai ɗaukar aiki yake, kuma riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne. To miliyan 3 da rabin nan na mene ne? Ka ce ya rarraba maka a rubuce.

Auta Mai Shago:
Riyal 400 ya yi yawa Injiniya, burodi da ful da shayi ai ba su kai haka ba. Kuma ni miliyan 2 da 800 na ji ana yin ta direba a Kano.

Na Ɓaɓura:
A wajenmu miliyan 4 ake cewa.

Injiniya Kazaure:
Bambancin yawan hannun da kuɗin ke bi ne. Daga ofishin can zuwa na Kano, zuwa ejan, zuwa ɗan garin da ya kai ka, kowa sai ya ɗora nasa.

Hajiya 'Yar Kano-Jidda:
Ɗana, duk wadda ka zaɓa, ka riƙe wannan. Kar ka karɓi saƙon kowa, ko na ejan ɗin ne, ko an ce yaji ne ko kuka. Goro haramun ne shiga da shi, taramol kuwa kai ake sarewa a kan ƙwaya. Kun tuna ɗalibar nan da aka tsare a Madina ƙarshen 2018 saboda jakar da aka liƙa wa sunanta ba ta sani ba, sai 2019 aka sako ta. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga 'yan takardun da aka manna a bayan tikitinka, su zo daidai. Ka yi katin rigakafin shawara tun da wuri, allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki. Ka ɗauki hoton fasfo da biza da yarjejeniya ka tura wa mutum biyu a gida.

Direban Gumel:
Na gode ƙwarai. Na kira ejan, ya ce takardar yarjejeniya sai an biya rabi take zuwa, lasisin kuma yana babban ofishinsu. Ya ce in ban biya zuwa Juma'a ba zai ba wani gurbin. Kuma ba wanda ya ce min komai kan gona ko shanu. Sannan na duba NIN ɗina, Muhammed aka rubuta, a lasisin tuƙi kuma Muhammad.

Injiniya Kazaure:
Tsaya nan tukuna, wannan sai ya riƙe ka kafin ejan. Fasfo daga NIN yake ɗauko suna da ranar haihuwa, abin da ke can shi zai fito. In takardar haihuwa ko ta ƙaramar hukuma ta saɓa da shi, sai ka gyara ɗaya kafin a ɗauki hotonka. Gyaran harafi ya fi sauƙi, na ranar haihuwa shi ne mai tsada da jan lokaci.

Auta Mai Shago:
Yaran nan da suka zo ƙauyuka da kwamfuta lokacin da ake rufe layukan waya su suka jawo mana. Mutum ya ce Sa'idu a rubuta Saidu, ya ce sunan kakansa a mai da shi sunansa na farko. Ba sa karanta maka kafin su tura, dubu ɗaya kawai suke kallo.

Sarkin Zolaya:
Mu duk unguwarmu ranar 1 ga Janairu aka haife mu, har da liman da tagwayen da ya raɗa wa suna.

Kawu Mai Lambu:
Shanun dai kar a taɓa su ana dab da damina, da me za ku yi huɗa? In jinginar ce a yi ta gaban mai unguwa, a rubuta kuɗin da iyakar gonar, shaidu biyu da ba dangin mai kuɗin ba.

Na Ɓaɓura:
Wai Injiniya, wanda BVN ɗinsa ke cewa 1998, NIN kuma 2001, wanne ake fara gyarawa? Banki ya ce a je wajen masu NIN, mai shagon kwamfuta kuma ya ce sai an kawo takardar rantsuwa daga kotu, kuma shi ma sai an ba shi nasa.

Auta Mai Shago:
Nawa ya ce maka? Don na nan kasuwarmu ya ninka kuɗinsa tun bayan salla.