Me za mu kira "maikoraiza" da Hausa?

1/ Malaman gona da masu fassara, ku matso. A dazuzzukan Faransa da Italiya da Sifen, itatuwan ok (oak a Turance) sun daɗe suna ramewa: ganye ya ragu, rassan sama su bushe, musamman bayan farin 1976 da na 2003. Masu binciken lamarin sukan tona ƙasa su duba abin da ake kira maikoraiza, wato zaman tare tsakanin funfuna da saiwar itace, mu kuwa har yau ba mu raɗa masa suna ba.

2/ Wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Bernhard Frank, shi ya ƙirƙiro kalmar a 1885 daga Girkanci: funfuna da saiwa. A jikin ok, zaren funfunar yakan naɗe kan ƙananan saiwoyi ruf, ya bazu cikin ƙasa ya jawo ruwa da sinadarin fosfaras da naitirojin. Itacen kuma ya biya ta da sukarin da ganyensa ya haɗa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsantsa.

3/ Na ga ana rubuta "funfunar saiwa". Ban yarda da ita ba. Duk manomin da ya ji funfuna, ruɓa zai kawo a ransa, ya nemi maganin feshi. Ga shi kuma a dazuzzukan nan akwai funfunar da ke kashe saiwar da gaske, irin su Armilariya da ke far wa raunanan itatuwa. In muka ba maƙiyi da masoyi suna ɗaya, bayani ya lalace tun daga farko.

4/ Shawarata: "ƙawancen saiwa" ga hulɗar, "ƙawar saiwa" ga ita funfunar. Mai naɗe saiwa ta waje, irin ta ok, mu ce "mai kube". Mai shiga cikin ƙwayoyin saiwa, irin ta gero da dawa da wake, "ta ciki".

5/ Ku gwada ta a jimla. Itacen da ganyensa ya ragu ba ya samun isasshen sukari, sai ƙawayen saiwarsa su ragu ko su canja iri, ruwa ya ƙara yi masa wuyar samu. Don haka ma'aikatan daji ke sare wasu itatuwa, na sauran su sami haske da danshi. Amma sarar tana da nata kasada: ƙawayen wanda aka sare sun rasa mai ciyar da su, kututturen kuma ya zama abincin Armilariya. Ni dai ban ji inda kalmar ta yi tuntuɓe ba.

6/ Kada a ce ai ok ba namu ba ne. Doka da kawo na dazuzzukanmu su ma masu kube ne, kuma gatarin masu gawayi bai ƙyale su ba.

7/ Abin da ya rage mini shi ne ita wannan sara ta rage cunkoso. Sassabe ba ta dace ba, don sassabe share fili ne gaba ɗaya. Manoman Katsina da Maraɗi, me kuke ce wa rage tsiron gero a rami bayan shuka? Ina jin kalmar tana hannunku.