NGF a fitsarin yara: sakamakon ELISA ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Salam, 'yan uwa ma'aikatan ɗakin gwaji. Ina amfani da ELISA, gwajin gano yawan furotin, wajen auna NGF, wani furotin mai taimaka wa girman jijiyoyi, a fitsarin yara masu matsuwar fitsari, irin waɗanda ke jiƙa wando kafin su kai bayi, alhali gwaji bai nuna ƙwayar cuta ba. Ina raba lambar sakamakon da ta kiriyatinin, sinadarin da ƙoda ke fitarwa a fitsari, don daidaita kaurin fitsarin, amma fitsari ɗaya yau lamba ta haura, gobe ta yi ƙasa har na'ura ta kasa karantawa.

Na canza kayan gwajin, na daina daskarar da fitsarin bayan ya narke, duk a banza. Har yaron da oxybutynin, maganin matsuwar fitsari, ya karɓe shi, lambarsa hawa da sauka take yi. Firizarmu mai sanyin digiri -20 ce, wuta kuwa sai a hankali.

Shin ajiyar ce ke lalata NGF ɗin, dole sai firiza mai -80?