Yaya ake shafa wa ƙananan yara man fulorayid a haƙora?

Maman Sadiya, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim:

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko, kuma a ranakun rigakafi ina yawan ganin yara 'yan shekara biyu zuwa huɗu waɗanda haƙoransu na gaba sun fara yin fari-fari kamar alli a kusa da dasashi, wasu ma har sun yi kogo. An ce za a kawo mana man fulorayid na shafawa, wato maganin da yake ƙarfafa haƙori don kada ya ruɓe. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda ake riƙe yaro da yadda ake shafawar, domin ba mu da kujerar likitan haƙori, benci kawai gare mu.

Malam Habu, mai aikin kula da haƙori a Kano:

Wa'alaikumus salam, Malama. Benci ya wadatar. Ki zauna ke da uwar yaron kuna fuskantar juna har gwiwoyinku su haɗu, ta ɗora shi a cinyarta yana kallonta, ƙafafunsa sun kewaye ƙugunta, sannan ta kwantar da shi a hankali har kansa ya sauka a cinyarki, ita kuma ta riƙe hannayensa. Idan ya yi kuka kada ki tsaya lallashi, domin kukan ne yake buɗe miki bakin, aikin kuma ba ya wuce minti biyu.

Bayan kin wanke hannu kin sa safar hannu, ki ɗaga leɓen sama da yatsa, ki goge haƙoran da tsabtataccen bandeji su bushe. A nan ne mutane da yawa suke yin sakaci, alhali man ya fi kama busasshen haƙori. Ki riƙa busar da sashe ɗaya kina shafa masa da ɗan ƙaramin buroshin da yake zuwa tare da man, siriri ƙwarai, ciki da waje da saman turame, kafin ki koma wani sashen. Da ya haɗu da yawu zai daskare da kansa. Man yana da ƙarfi, kashi 5 cikin 100 na sinadarin sodiyam fulorayid ne, saboda haka mililita 0.25 ya ishi yaron da bai fara famfara ba, kuma ba a ƙara masa. Ana iya farawa tun fitowar haƙorin farko, a maimaita bayan wata uku zuwa shida.

Hajiya Uwani, ungozoma mai ritaya a Gumel:

'Yata, ki gaya wa iyaye tun kafin ki fara cewa haƙoran za su iya yin ɗorawa-ɗorawa a ranar, kuma launin zai tafi idan aka goge baki washegari, in ba haka ba za a baza labari a gari cewa kin ɓata wa yara haƙora. A ranar kada a ba yaron koko ko shayi mai zafi, ko abu mai tauri irin su ƙuli-ƙuli da rake, sai abinci mai laushi. Nono kuwa babu laifi ya sha.

Malam Habu:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa ba a shafa wa yaron da yake da gyambo a baki ko kumburin dasashi mai jini sai ya warke, haka nan wanda aka taɓa kwantarwa a asibiti saboda asma mai tsanani, a tura shi wurin likita tukuna. Farin tabon nan da kika ambata shi ne man ya fi yi wa amfani, domin yana iya tsayar da shi kafin ya zama rami. Haƙorin da ya riga ya yi kogo yana ciwo kuwa, shafawa ba za ta cike shi ba, sai ki rubuta wa uwar takarda zuwa sashen haƙori na babban asibitin da ya fi kusa da ku.