Huhu ne ke zuƙo iska da kansa, ko ƙirji ne ke yi masa aikin?

Ɗaliba Hauwa:
Assalamu alaikum. Malamai, don Allah a warware mini wannan. An ce huhu ba shi da tsokar da zai buɗe kansa. To me ke shigar da iska in mutum ya shaƙi numfashi, me kuma ke fitar da ita?

Malam Sani:
Wa'alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa miki, huhu bi kawai yake yi. Mai aikin ita ce faffaɗar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki, wadda ake kira dayafiram. In ta ɗaure sai ta sauka ƙasa, kamar santimita 1 zuwa 2 in mutum yana hutawa, tsokokin da ke tsakanin haƙarƙari kuma su ɗaga ƙirji. Fili ya ƙaru a ciki, matsin iska ya faɗi ƙasa da na waje, sai iska ta kwararo ta hanci, ta bi maƙogwaro, ta rabu biyu zuwa dama da hagu. Kamar zugazugin maƙeri dai.

Fitarwa kuwa ba ta cin ƙarfi. Tsoka ta saki, huhu ya koma kamar robar da aka ja aka sake. Sai wajen gudu ko tari ne tsokokin ciki ke sa hannu.

Anti Nas:
Ƙari a kan bayanin Malam, ƙanwata: abin da ke sa huhu bin ƙirji shi ne tantani mai rufi biyu, ɗaya manne da huhu, ɗaya da bangon ƙirji, da ɗan ruwa a tsakaninsu. Jiƙa gilashi biyu ki haɗa su, za su zame amma ba su rabuwa. In wuƙa ko karyayyen haƙarƙari ya bari iska ta shiga tsakanin nan, mannewar ta ɓaci, huhun ya tsuke, ƙirji na motsi amma iska ba ta isa. Wannan ba abin jira ba ne, asibiti nan take, don a sa bututu a zuƙe iskar.

Yaya Bello:
Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kowane sau kusan mililita 500. Kimanin 150 daga ciki a bututun da ke kai iska cikin huhu take tsayawa, ba ta kai wa ga miliyoyin ƙananan jakunkunan da jini ke karɓar oksijin a jikinsu. Shi ya sa haki sama-sama ke gajiyar da mara lafiya ba tare da ya ƙoshi da iska ba.

Iskar da ta shiga tana da oksijin kashi 21 cikin 100, ta fito da kusan 16. Kuma galibi taruwar iskar kabon (wadda jiki ke fitarwa ta numfashi) a jini ce ke sa ƙwaƙwalwa ta ce a shaƙa, ba ƙarancin oksijin ba.

Ɗaliba Hauwa:
Na gode ƙwarai. To mai asma fa, me ya sa fitarwar ta fi ba shi wahala?

Malam Sani:
Don bututunsa sun riga sun kumbura sun matse, ga majina. Lokacin shaƙa ƙirji yana ɗan ja musu su buɗe, lokacin fitarwa kuwa ƙara danne su yake yi. Iska ta maƙale a ciki, abin da ya samu fita ya fito da fito.