Wane gem zan buga bayan Mirage da Red Dead 2? Ina neman shawara

Ɗan Rigasa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tun ina yaro ƙwallo kawai na sani. A gidan gem na unguwarmu na taso, ka biya kuɗin wasa, wanda aka ci ya miƙa fad ga na baya. Tun ana ce masa PES har Konami suka mayar da shi eFootball a 2021 ban taɓa barinsa ba. To kwanan nan yayana ya tafi aiki Abuja ya bar mini PS4 ɗinsa da faifai biyu, kuma wallahi sun canza mini tunani.

Na farko Assassin's Creed Mirage ne, wanda ya fito a 2023. Labarin wani saurayi ne mai suna Basim, ɗan sane a garin Anbar, da ƙaddara ta kai shi Bagadaza a shekarar 861, zamanin Abbasiyawa. Faɗan cikinsa bai burge ni sosai ba, kusan salo ɗaya kake ta maimaitawa: ka ɓuya, ka aika mikiyarka ta leƙo maka masu gadi, ka lallaɓa ta baya. Garin ne ya kama ni. Na mayar da muryoyin zuwa Larabci, sai ga 'yan kasuwa suna ciniki, ga marina da tukwanen baba, ga kiran salla yana tashi daga nesa. Na shiga Baitul Hikma da muke jin sunansa a darasin tarihi a Islamiyya, na tsaya cikin kantocin littattafai ban ma kula aikin da aka aiko ni ba. Akwai bayanan tarihi da ake tsinta a wurare, a nan na karanta yadda Halifa Mansur ya gina birnin a kewaye a 762. Ban taɓa zaton gem zai sa ni neman ƙarin karatu ba.

Na biyu Red Dead Redemption 2, na Rockstar, masu GTA. Amurka ce a 1899, kai ne Arthur Morgan, ɗan ƙungiyar 'yan fashi da duniya ta fara yi wa ƙunci. Farkonsa sai mai haƙuri, tafiya ce cikin dusar ƙanƙara kamar ba za ta ƙare ba. Amma maganar doki! Sai ka ba shi abinci, ka goge masa jiki, ka lallashe shi idan ya firgita, a hankali ya saba da kai. In ya mutu kuwa, ya tafi ke nan. Duk wanda ya taɓa zama wajen masu kiwon dokin hawan salla ya san wannan shaƙuwar gaskiya ce.

Tambayata: wane zan nema a gaba? Ina son mai labari, wanda ba ya buƙatar intanet, domin data ta yi tsada kuma wutarmu sai an ga dama.

Kawo Boy ya amsa:

Wa alaikumus salam. Yaya, kar ka ce ka bar ƙwallo. Waɗannan wasannin kai kaɗai kake yi a ɗaki, ita kuwa ƙwallo da mutane ake yi. Daɗinta ihun 'yan kallo ne idan ka zura ƙwallo a minti na tasa'in. Ka gwada FC, wato FIFA ta da, tun 2023 EA suka sauya sunan. Ya fi eFootball yawan ƙungiyoyi da sunayensu na ainihi, amma ni a hannuna fasin na eFootball ya fi nauyi, ya fi kama da ƙwallon fili. Idan mai labari kake so dole, God of War na 2018.

Malamin Firamare ya amsa:

Ƙanina, na ji daɗin bayaninka a kan Bagadaza. Game da God of War, gara ka sani tun yanzu: an gina shi ne a kan tatsuniyoyin allolin mutanen arewacin Turai, su Odin da Thor. Ainihin labarin uba ne da ɗansa, Kratos da Atreus, za su kai tokar gawar uwar yaron kan dutse mafi tsawo, kuma yadda uban yake koyon magana da ɗansa yana da taɓa zuciya. Sai dai ni raina bai kwanta da wancan ɓangaren ba, na ajiye shi a tsakiya. Kowa da abin da zuciyarsa ke ɗauka.

Shawarata Ghost of Tsushima, na 2020, kuma a PS4 ya fara fitowa. Mongolawa ne suka mamaye wani tsibirin Japan a 1274, irin mutanen da suka rushe Bagadazar taka a 1258. Jin Sakai jarumi ne da aka rene shi a kan fuskantar abokin gaba ido da ido, sai ya ga hakan ba zai ceci talakawa ba, ya koma kai hari ta ɓoye, kawunsa da ya rene shi yana ganin ya zubar da mutuncin gidansu. Ba kibiya a allo mai nuna maka hanya, iska ce ke kaɗa ciyawa ta inda za ka nufa. Akwai doki ma. Labarin ba ya buƙatar intanet. Ka duba wajen masu faifan gem na hannu a Babbar Kasuwa, ka sa su gwada maka kafin ka biya.

'Yar Malali ta amsa:

Ku masu PS4 kun ji daɗi. Mu na waya Free Fire muke yi, mutum 50 a tsibiri, cikin kusan minti goma an gama, kuma ƙaramar waya tana ɗaukarsa. PUBG mai mutum 100 wayata zafi take yi. Matsalar dai netwok, kana tsakar harbi komai ya tsaya, kafin ya dawo an kashe ka. Malam, ƙanina ɗan aji huɗu ya dame ni da Minecraft, ya dace da shi?

Malamin Firamare ya amsa:

Ya dace, 'yata. Ki sa masa ɓangaren gine-gine, inda ba faɗa, ya yi ta gina gidaje da gonaki. Ki kashe intanet kada ya haɗu da baƙi, kuma sai ya dawo daga Islamiyya.

Ɗan Rigasa ya amsa:

Na gode ƙwarai, Malam. Ghost of Tsushima zan nema ranar Asabar in sha Allah. Kawo Boy, ban bar ƙwallo ba, ka zo da fad ɗinka bayan la'asar, ni Arsenal zan ɗauka.